Sayen tele a Damagaram: abin da za ka duba tun daga bangon ɗakinka har zuwa parabol

Duk lokacin da kokowar takobi ta gabato, ko aka kusa fara gasar kofin Afirka, sai ka ga kwalayen tele a bayan kabu-kabu ana fitowa da su daga Kasuwar Dole, mai kaya ya rungume kwali kamar wanda ya ɗauko amarya. Ka bari zafin Afrilu ya kankama, sannan ka leƙa rumfar mai gyaran unguwarku. Za ka tarar da wasunsu an jingine a bango, murya na fita, fuska baƙi ƙirin. Abu uku ke cin tele a garin nan: wuta, zafi, ƙura. Shi ya sa wannan jagorar za ta fara daga gida, sai mun gama da shi mu tafi kasuwa.

Mataki na farko: san wutar gidanka

Wutar Nigelec bolt 220 ce a ƙa'ida. Yankinmu na Damagaram da Maradi ya daɗe yana sha daga layin da ya fito Katsina ya bi ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da hakan ke nufi a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar saboda takunkumin CEDEAO, aka yi watanni ana raba ɗan abin da ya samu unguwa-unguwa har cikin 2024. Tun daga lokacin faifan sola ya yawaita a kan rufin gidaje, kuma tambayar "wat nawa take ci?" ta shiga bakin mutanen da a da ba ruwansu da ita.

Ka nemo mai haɗa wuta ya zo da na'urar awonsa, ya gwada maka piriz ɗin da za ka jona tele, wato soket ɗin bango. Sau biyu za a gwada: da hantsi, da kuma bayan magariba lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firigo. Idan da daddare tana sauka ƙasa da 190, ko tana hawa tana sauka kamar numfashin mai gudu, to ka san da regilater, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, za ka dawo daga kasuwa. Mai VA 1000 ya ishi tele da dekoda da ɗan abin sauti, har da rara. Ka zaɓi mai maɓallin jinkiri, wanda ke dakatawa ɗan lokaci kafin ya saki wuta bayan an dawo da ita, domin yawanci ba ɗaukewar ke ƙona kaya ba, dawowar ce, lokacin da ta shigo da ƙarfi. Firigo kuma a ba shi nasa daban. Duk sanda injinsa ya tashi yakan fizgi wuta, tele ba ta son wannan maƙwabtaka.

Kuɗin regilater da waya mai kyau da abin ratayewa, ka ware su gefe tun yanzu. Abin da ya rage shi ne kuɗin tele. Idan ka juya lissafin, za ka dawo gida da inci 50 da rallonj ta jika ɗaya.

Mataki na biyu: awon ɗaki

Wannan ba ya cin lokaci. Auna daga bango zuwa inda ake zama. Mita ɗaya da rabi zuwa biyu, inci 32 ya wadatar. Biyu zuwa biyu da rabi, inci 43. Idan falo ne mai mita uku, ko don fada ake so a riƙa fitowa da ita ƙofar gida ana shayi ana kallon ƙwallo, sai a yi maganar 50 ko 55.

Ka rubuta waɗannan a wayarka, za su yi maka amfani a shago: inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna gilashin, ban da firam. Inci 32 santimita 81 ke nan, 40 kuwa 102, 43 ya kama 109, 50 ya kama 127, 55 ya kama 140.

Mataki na uku: rubutun da ke jikin kwali

Mu a nan duk tele mai faɗi "plasma" muke ce mata. Ainihin plasma kuwa manyan kamfanoni, Panasonic da Samsung da LG, sun daina ƙera ta tun 2014. Idan ka ga ta gaske a wurin masu kayan hannu, mai nauyi, mai gilashi kamar tagar mota, ka wuce. Tana cin wuta ninkin ba ninkin, ga ɗumama ɗaki kamar murhu.

Kusan duk abin da ke kasuwa yanzu LED ne, wato allo ne da aka jera ƙananan fitilu a bayansa suna haska shi. QLED ma LED ce, an ƙara mata wani shimfiɗi da ke ƙara wa launi kyau. Mini-LED, wadda TCL da Hisense da Samsung ke ta turowa a ƴan shekarun nan, fitilun ne aka ƙanƙanta aka yawaita, don wuri mai duhu a hoto ya yi duhu sosai. OLED ita ce daban, kowane ɗigo na allon shi ke ba da haskensa. Hotonta ba a magana, amma ga tsada, kuma alamar tashar da ke zaune a kusurwa ɗaya yini guda tana iya barin tabo a kanta. A ɗakin da ke da rufin kwano ba silin, ni ban ga dalilin kai kuɗi can ba.

Sai maganar kaifin hoto. HD ɗigo 1366 ne a 768, shi ne a yawancin masu inci 32. Full HD 1920 a 1080. 4K kuwa 3840 a 2160, ninki huɗu na Full HD. Mai shago zai nuna maka bidiyon furanni da tsuntsaye daga kile, wato ɗan abin ajiya na USB, ka ga har gashin fuka-fuki. Tambayar ita ce, a gidanka me za ka ba ta ta nuna? Tashoshin parabol da muke kallo, wasu HD ne, da yawa ma ba su kai HD ba. Ka ɗora irin wannan hoton a allo mai inci 55, duk muninsa ne zai fito fili. Daga inci 43 zuwa ƙasa, Full HD ya isa. Daga 50 zuwa sama kusan duk 4K ake yi yanzu, ba sai ka biya ƙari dominsa ba.

Mataki na huɗu: ta ina hoto zai shigo?

Hanya uku ce, kuma kowace da abin da za ka nema a jikin tele.

Ta eriya, wato TNT. Ƙasashen yankinmu tsarin DVB-T2 suka ɗauka, don haka sai ka ga an rubuta DVB-T2 a kwali ko a takardar bayan tele. In babu, sai ka sayi ƙaramin dekoda. Kafin ka kashe kuɗi a nan, tambayi maƙwabcin da ke da eriya abin da yake kamawa a unguwarku, domin duwatsun Birni da tudun garin nan ba su bar kowa daidai ba.

Ta parabol. Idan tele na da DVB-S2, za ka ga ƙofa mai zare irin ta noti a bayanta, wayar parabol na shiga kai tsaye ba sai da dekoda ba, telekomand ɗaya ta ishe ka. Wannan na tashoshin kyauta ne. Daga Damagaram, Nilesat na kudu maso yamma a digiri 7 yamma, Badr na Arabsat kuma kudu maso gabas a digiri 26 gabas, shi ya sa za ka ga gida ɗaya da faranti biyu kowanne ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Mai son Canal+ saboda ƙwallon Turai, dekodarsu daban ce, ta ƙofar HDMI take shiga, wato ta wayar da ke kai hoto da murya, kuma kuɗin wata-wata ne. Ka lissafa na shekara guda kafin ka yi murna, sau da yawa yakan kamo kuɗin tele ɗin kanta. Masu DStv na Najeriya ma su sani, tun 2025 kamfanin MultiChoice mai DStv ya koma hannun Canal+.

Ta intanet, wato abin da ake kira Smart. A nan ne aka fi yi wa mutane romon baka. Tele mai Smart ba ta zuwa da intanet a cikinta, sai ka ba ta daga wayarka ko daga akwatin wifi, da kuɗin da ka zuba wa Airtel ko Moov ko Zamani. YouTube a 480p, wato ƙaramin kaifi, yakan ci wajen rabin jiga a awa. Netflix da bakinsa ya ce HD na iya cin jiga 3 a awa, 4K kuma har 7. Tele kuwa in ka bar ta, mafi kaifi take zaɓa da kanta. Ƙanena ya jona wa yara wayarsa bayan la'asar, kafin a kira isha'i abin da ya saya na mako ya ƙare. Don haka duk bidiyon da aka buɗe, a shiga saitinsa a sauke shi zuwa 480p ko 720p.

Ra'ayina, idan kuɗin bai kai na Smart mai suna ba, gara tele marar Smart mai kyan allo. Masu arahar nan da ƙwaƙwalwar jiga 1 suke zuwa, bayan shekara sai ka danna ka jira kamar mai layin famfo a bazara. Daga baya kana iya sayen ɗan akwatin Android ka soka a HDMI, in ya tsufa ka canza shi kaɗai.

Mataki na biyar: a cikin shago

Ka tafi da abu uku: mita ta tela, kile da ka zuba wa bidiyo da hotuna, da wayarka mai caji. A cikin kile ɗin ka sa hoto fari fat, da baƙi, da ja, da kore, da shuɗi, kowanne ya cika allo. Kada ka je ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke cika, mai shago ba zai samu sukunin tsaya maka ba.

Ba a cinikin biri a sama. Wadda za ka tafi da ita, ita za a buɗe a kunna a gabanka, ba wadda aka ajiye don nuni ba. Za a ce maka, "Haba Alhaji, sabuwa ce dal, a leda take, in an buɗe ai ta zama ta hannu." Ka ce, "Gaskiya ne Malam, amma ni zan saya, in ta yi ba mai mayar da ita kwali." Mai kaya na gari ba ya ƙin wannan.

Da farko auna gilashin. Na taɓa raka kawuna wani shago, kwali ya ce 43, mita ta ce santimita 102. Inci 40 ke nan. Yaron shagon ya ce ai da firam ake aunawa, muka haɗa da firam ɗin, bai kai ba. Kawu bai ce uffan ba, ya naɗe mitarsa ya sa aljihu muka fito.

Sannan lambar kaya. Akwai lamba a kwali, akwai a takardar da ke manne a baya, akwai kuma a cikin tele in ka shiga saiti wajen bayanin na'ura. Ukun nan su zo ɗaya. Ka buga lambar samfurin a Google ka gani ko kamfanin ya san da ita. Jabu ta yi yawa, suna ne kawai ake mannawa a goshi. Ga wata hanya mai sauƙi ta kama ta: Samsung mai Smart da tsarin Tizen take aiki, LG da webOS, Hisense yawanci VIDAA, TCL da Sony kuma Google TV ko Android TV. Ka ga an rubuta Samsung, ka kunna ta buɗe da Android irin na waya, to ba Samsung ba ce. Ba laifi ba ne mutum ya sayi tele marar suna idan ya san ita ya saya, kuma kuɗinta ya biya. Abin ƙi shi ne ka biya kuɗin doki a ba ka jaki.

Yanzu soka kile. A farin hoto ka nemi ɗigo baƙi da ya mutu, ko wani gefe da ya fi wani duhu. A baƙin hoto ka kare hasken shago da jikinka, ka duba ko haske na tsiyaya daga gefuna. Ja da kore da shuɗi su ke tona ɗigon da ya maƙale a launi ɗaya. Kunna bidiyo ka ƙure murya, ka ji ko lasifika na kakkarwa. Ka koma gefe ka kalla, domin a gida ba kowa ke samun tsakiya ba, wasu allunan daga gefe sai fuskar mutum ta koma toka-toka.

Juya bayanta. Ƙofar HDMI ta kai biyu aƙalla, kuma a gwada kowace. USB ma haka. A takardar baya ka karanta abu biyu: wat nawa take ci, da ƙarfin wutar da take ɗauka. Wadda aka rubuta wa 100-240V ta fi jure wutar da ke sauka. Duba kan wayarta kuma. Kayan da suka biyo ta Kano, ko ta Matamaye ko ta Magarya, sau da yawa da kai mai ƙafa uku masu faɗi suke zuwa irin na Ingila, mu kuwa ramukanmu na ƙafa biyu ne masu zagaye irin na Faransa. Ɗan adaftan arahar nan yakan saki, ya riƙa tartsatsi a ɓoye. Gara mai haɗa wuta ya canza kan gaba ɗaya, bayan ka tabbatar hakan ba zai ɓata garanti ba.

Garantin ma a rubuta shi a rasit: wata nawa, lambar tele, kuma in ta lalace wa za a kawo wa. Garantin baki, ranar da ka dawo za a ce wuta ce ta ƙona.

Mai sayen ta hannu, duk gwajin nan ya hau kansa, da ƙarin biyu. A bar ta a kunne rabin awa, domin wata cutar sai ta yi zafi take fitowa. Kuma a kula da inda ta fito: ta Amurka bolt 120 ce kuma tsarin kama tasharta ATSC ne, ba zai kama TNT ɗinmu ba. Ta Turai ba matsalar wuta, sai dai tsofaffin ba su da DVB-T2.

Mataki na shida: kai ta gida da kafa ta

A tsaye ake ɗaukar tele, cikin kwalinta da soson da ta zo da shi. Kwantar da ita a bayan adaidaita a bi hanya mai gargada, gilashin na iya tsagewa ta ciki ba ka gani ba sai an kunna. Allon da ya fashe kuwa ba shi da gyara, canza shi ya kusa kuɗin sabuwa. Kwalin ma kada a ba yara, a ajiye.

Yawancin kamfanoni sun rubuta a littafinsu cewa tele na aiki ne har zuwa zafin digiri 40. Mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma takan wuce haka. Saboda haka kada a rataye ta a bangon yamma wanda rana ke gasawa daga azahar, ka taɓa shi da magariba ka ji kamar tanda. A bar tazarar kamar santimita 10 a samanta da gefunanta, kada a cusa ta cikin kabad. Mayafin da uwargida ta ɗinka mata don ƙura yana da kyau, amma a cire shi gaba ɗaya in an kunna, ba a ɗage gaba a bar baya a rufe ba, ta bayan take numfashi. Gidan ƙasa irin na Birni da Zango, bangon ba ya riƙe ƙusar ratayewa, sai a ɗora ta a tebur mai ƙarfi a ɗaure ta ta baya saboda yara. Tsayi kuma daidai idon mai kallo. Idan a tabarma ake zama, kada a kai ta kusa da rufi kamar ta tashar mota.

Da an kunna, shiga saitin hoto. Daga shago takan zo a yanayin da ya fi kowane haske, don ta ja ido. Mayar da ita yanayin gida, ka rage hasken fitilun baya zuwa rabi ko sama kaɗan. Wannan ɗan abin shi ne ya fi kome tsawaita ranta. Fitilun nan su ne ke fara mutuwa, zafin gari da nasu su haɗu su cinye su. In wata rana ka ji murya ba hoto, haska tocilan a jikin gilashin daf da daf. Ka ga inuwar hoto na motsi, to fitilun ne kawai, mai gyara zai canza su, kada wani ya ce maka ta mutu ya saye ta a banza.

Mataki na bakwai: idan da sola za ta yi aiki

Lissafin ba wuya. A ce tele mai inci 32 tana cin wat 40, dekoda wat 10, jimla 50. Kallon awa 5, 50 sau 5, wat-awa 250 ke nan, wato wutar da za su ci a yini. Batir mai bolt 12 da amfa 100 yana ɗauke da wat-awa 1200 a takarda, amma irin na ruwa ko na jel rabi kawai ake ci in ana so ya daɗe, wato 600. Na lithium ana iya cin kashi 80 cikin 100 ko fiye, ya fi tsada amma ya fi shekaru. Na'urar da ke juya wutar batir ta koma 220 ita ma tana cin nata, kamar kashi 10 zuwa 15. Ka ga batir ɗaya ya riƙe tele da dekoda da ƙwai biyu uku, amma da ka ƙara fanka lissafi ya canza. Faifan sola mai wat 100 kan tara kamar wat-awa 350 zuwa 400 a yini mai kyau, don haka mai 150 ya fi ba da kwanciyar hankali. A fuskantar da shi kudu, a ɗan karkace kamar digiri 15, a riƙa share shi, domin ƙurar hunturu na rage masa ƙarfi sosai.

Akwai tele masu aiki da bolt 12 kai tsaye daga batir, ba asarar juyawa. Ga gidan da ba layin wuta, ko ƙauyukan Mirya da Tanut, su na fi ba da shawara. Sai dai a bi ta na'urar daidaita caji, kada a jona kai tsaye a faifai, kuma a kula da ja da baƙin waya. Mai janareta kuma ya tayar da inji ya daidaita tukuna kafin a kunna tele, a kashe ta kafin mai ya ƙare, domin shaƙewar nan da inji ke yi a ƙarshe tana wasa da wuta.

Shara da damina

Gilashi da busasshen ƙyalle mai laushi ake goge shi, tele a kashe. In ya yi maiƙon hannun yara, a ɗan jiƙa ƙyallen, kada a fesa ruwa a allon, yakan gangara ya shiga ƙasan firam inda siraran wayoyi suke. Ramukan baya a bi su da busasshen buroshi duk mako biyu a lokacin hunturu.

In hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare wayar wuta, a kuma kwance wayar parabol. Ta biyun ce ake mantawa, ni ma ita na manta. Wata daminar na zare komai daga bango na kwanta ina jin kaina gwani, tsawa ta faɗi kusa da mu cikin dare. Da safe dekoda ko ƙyaftawa ba ta yi, wutar ta biyo wayar faranti ta ratsa ta, ta bi HDMI ta shiga tele. Mai gyara ya buɗe, ya nuna mini wani ɗan baƙin tabo kamar ƙwayar gero a kan allon ciki, ya ce, "Yaya, ƙofa ɗaya ce ta tafi, ka gode Allah." Muka sayo wata dekoda, muka mayar da waya ƙofa ta biyu, da ita muke kallon Télé Sahel har yau.